Yatsa Uku

A zaurenmu na Daura akwai kan kifi a rataye,
busasshe, baki buɗe, hayaƙi ya rine shi.
Ni na kamo shi a Daberam da fatsa
shekarar da aka haifi Tambai.
Mu biyu muka saɓo shi a kan taɓarya,
jelarsa na sharar ƙasa.
Yau yaran unguwa kan tsaya su tambaya:
Baba Mantau, wannan kan mene ne?
In ce giwan ruwa.
Su yi dariya. Giwa a littafi suka san ta,
ruwa kuma a rijiya.

Ran Talata ma'aikaci ya zo a kan babur,
da takarda mai hatimi, da rula a aljihu.
Ya tara mu gindin gawo ya karanto:
wata uku na damina ba koma, ba fatsa;
komar da idonta bai ci yatsa uku ba, a ƙone ta;
kifin da bai kai taƙi biyu ba, a mayar;
kowa ya yanki lasin, ko ya biya tara.

Korau ya miƙe, wandonsa jiƙe har gwiwa:
"Yallaɓai, yatsan wa? Naka ko nawa?
Nawa dai igiya ta cinye su.
Baki tara nake ciyarwa.
Wace takarda za ta ce wa tukunya ta jira kaka?"
Sarkin Ruwa Nomau bai ce uffan ba,
ya ɓare goro, bai kai shi baki ba.

Wani ya ce masu gamalin da dare suke zuwa,
gari ya waye ruwa fal fararen cikkuna,
su rular ba ta taɓa auna su ba.
Wani ya ce injinan 'yan lambu ne suka tsotse gaɓa.
Wani ya ce yashi ya cike gurbi.
Kowa da wanda yake nunawa.
Ni na sunkuyar da kai,
don na san inda gidan sauron asibiti ya ƙare,
wanda aka ba Laure tana da ciki.
Ni na ɗinke shi, na ja shi cikin ruwa,
na kwaso 'ya'yan kifi kamar ƙwayar kabewa,
na auna su a kwano na sayar.
Damina huɗu ina yi.
Wanda ya dafa iri ba ya tuhumar gona.

Jiya, saura kwana biyu a rufe,
na zauna kan dutsen gaɓa tun asuba.
Tana uku na ɓata, ko karfasa ba ta shinshina ba.
Hantsi ya ɗaga, sai igiya ta girgiza.
Na ja. Ga shi nan.
Jiki kamar azurfa, baki irin na zaure.
Shekara goma sha ɗaya rabona da shi.
Na shimfiɗa shi a cinya na auna:
taƙi ɗaya da ɗan yatsa.
Ba ma'aikaci. Ba Nomau.
Sai wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya,
shi ma bai karya kumallo ba.

Na tuna miyar kuka, tsululu.
Na tuna ɗari takwas ɗin mai suya.
Ƙugiyar ta shige can ciki,
na daɗe ina zare ta, hannuna na rawa,
ina ce masa sannu kamar mai jinya.
Da na sake shi bai tafi nan take ba.
Ya ɗan tsaya tsakanin tafukana,
sannan ya karkata, ya nutse.

A gida Laure ta leƙa jaka, ta dube ni.
"Ina na miya?"
Na ce yana Daberam, yana girma.
Ta ce, "To, Allah ya sa mai gamalin ya iya karatu."
Ta jefa daddawa biyu a tukunya.

Tambai na zaure, ya kife turmi ya hau,
yana auna bakin kifin da yatsunsa:
uku, huɗu,
har hannun ya shige gaba ɗaya.