Tsirkiya Huɗu a Tudun Valparaíso

Matakala ɗari da tara na ƙirga
daga bakin teku zuwa ƙofar Herminia,
ƙaton gogen yayana a bayana
kamar na goyo majinyaci.
Kwantarabas sunansa a takarda.
Celestino ya rasu ya bar min shi,
da busasshen ƙaro cikin tsohuwar safa,
da bashin haya na wata biyu.

Herminia ba ta kai kafaɗata ba.
Ko sannu ba ta ce ba, ta ce: Kwantar da shi.
Ta haska cikinsa da tocila,
ta ce: Ruhin na nan tsaye, da sauƙi.
Ɗan guntun itace ne, kaurin babban yatsa,
ya tokare ƙirji da baya,
amma a garin nan ruhi muke ce masa.
Jakin ya karkace, ta miƙe shi
sannu sannu, kamar mai ɗorin karaya.

Sai ƙafar ƙarfe: Zaro ta. Ƙara. Ya yi yawa.
Inda tsirkiya ke barin wuya
ya tsaya daidai girarka.
Kada ka rungume shi, ba ta'aziyya ka zo ba.
Bar shi ya jingina da ƙugunka
har ka sake shi bai faɗi ba.
Na saki. Ya tafi.
Ta tare shi da gwiwa, ba ta ko dube ni ba.

Hannun hagu kamar mai riƙe gwangwanin madara,
babban yatsa a baya, ban da shaƙewa.
Manuniya, na tsakiya, ƙaramin,
na ukun ɗan rakiya ne, ƙaramin yake taya wa.
Ba matsawa ake ba, Anselmo, ratayawa ake,
bar damtse ya yi nauyinsa.
Ni da na saba ɗaure kusoshi da sifana,
an ce in daina ƙarfi.

Izga ta sha ƙaro sau uku.
Na ja.
Abin da ya fito, ko ƙyauren kurkuku
zai ji kunyar yin sa.
Karen maƙwabta ya amsa daga ƙasan tudu.
Miƙe bakan, in ji ta, kana yanka burodi a karkace.
Rage gudu. Babba ba ya son gaggawa.

Mako uku bororo ya fito a yatsana,
ya fashe, ya sake fitowa.
Na ce da ita shekarata sittin da ɗaya,
icce ya riga ya bushe.
Ta ce: Wannan da ke jingine da kai
ya bushe kafin a haife ka,
shi ya sa yake magana.

Ran wata Talata, hazo ya rufe tashar jiragen ruwa,
na ɗora izga kan mafi kaurin tsirkiya,
na manta da hannuna.
Sai ƙugi ya taso daga dakalin katako,
ya bi ƙafata, ya shiga haƙarƙari.
Na san shi!
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa
keken da ke jan mutane zuwa kan tudu,
haka igiyar ƙarfe take gurnani
da asuba, in an ɗauki kayan farko.
Ashe ɗaki guda muka kwana da Celestino,
ban taɓa tambayarsa abin da yake ji ba.

Herminia ta ce: To. Ya ɗan yi ƙasa kaɗan.
Sassauta izgar kafin ka tafi,
goge ƙaron da tsumma.
Matakala ɗari da tara, yanzu gangara,
wuyansa ya zarce kaina,
ina bi da shi a karkace
kada ya bugi igiyar shanyar mutane.