Lagom

A Umeå, a watan Disamba, rana kan faɗi tun ƙarfe biyu.
Gunnel na zuba gahawa, Sixten ya ɗaga yatsa:
"Lagom." Ta tsayar da butar.
Kofin bai cika ba, bai kuma gaza ba.

Jikarsu Tuva ta ce, wai daga ina kalmar nan?

Sixten ya gyara zama.
Wai matuƙa jirgin ruwa ne na dā,
ƙaho ɗaya na giyar zuma, ƙarti goma sha biyu,
laget om, ya zaga kowa,
mai kurɓa yana tuna maƙogwaron na ƙarshe.

Gunnel ta ja tsaki.
Shekara talatin ta yi tana koyar da nahawu.
"Tatsuniya! Tushenta lag, wato doka.
Abin da ya hau ƙa'ida. Ba ƙaho, ba jirgi."

A faranti saura burodin kirfa guda.
Sixten ya raba shi biyu, ya ɗau rabi.
Gunnel ta raba rabin.
Tuva ma ta raba.

Har ƙanƙara ta rufe taga
ɗan gutsuren yana nan,
kowa ya bar wa na ƙarshe.