Awon Kawu Yila

Kawu Yila bai taɓa rubuta awo ba.
Shekara talatin a bakin kasuwar Kaltungo,
kallo ɗaya zai yi wa kafaɗarka
ya ce ka dawo Laraba.

La'asar na yi, ya rufe keke,
ya gangara gidan Saraya.
Ƙwarya biyu, in ji shi, don wanke ƙurar zare.
Biyu ta haifi huɗu.
Daga burkutu aka koma 'yar leda a aljihu.

Ba a taɓa tsamo shi daga kwata ba.
Abin ya zo ne kamar gara a azara.

Bara ya ɗinka wa ango wando,
ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.
Muka yi dariya.
Likita a Gombe bai yi ba:
ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwar a haske,
ya nuna mana inda ta motse.

Jiya na kai masa tuwo.
Tef na wuyansa, yana neman tef.
Ya dube ni, ni da ya goya,
ya ce, "Samari, ɗan gidan wa?"

Sai ya dafa kafaɗata,
yatsu na rawa.
"Sha takwas," ya ce.

Haka ne kuwa.