Uwar Garke Tsakanin Kwalaben Zuma

A Kutaisi, hawa na uku, gidanmu ɗaki biyu ne da rabi.
Rabin nan shi ne kantina:
kwalaben zuma, busasshen inabi, barkono a ƙunshin takarda,
da littafin oda wanda ya cika har yana zubar da sunaye.

Beka, ɗan ƙanwata, ya ce, "Inna Eteri,
ki daina biyan haya a rumbun wasu,
ki ajiye saba taki a gida."
Wai masana na ce mata uwar garke.
Na yi dariya. Garkena mutum ɗari uku ne da 'yan kai,
rabinsu ba sa tunawa da ni
sai sanyi ya kama musu maƙogwaro.

Ya samo wata a ofishinsu, kyauta.
Su biyu suka hawo da ita bene suna nishi.
Da aka kunna ta, labule ya motsa.
Fankoki shida suka ɗauki kuka lokaci guda,
kyanwa ta shige ƙarƙashin gado,
mita a baranda ta zura da gudu kamar an biyo ta bashi.

Babana Otar ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jirgin ƙasa.
Yanzu barcinsa siririn zare ne, tari ɗaya ke tsinka shi.
Tsakar dare ya fito da hula a hannu:
"Wa ya bar injin a kunne? Ba mu iso tasha ba?"
Na mayar da shi gado.
Na zare wayar daga bango, na zauna cikin duhu ina lissafi.
Kyautar da za ta ci larin cefane duk wata,
baƙuwa ce da ba ta san ranar tafiya ba.

Da safe na sauka shagon Nugzar, kusa da gada.
Ya soma jero mini lambobi, na ɗaga hannu.
Na ce, nawa take ci?
Tana kuka?
In ta kwanta ciwo, wa zai duba ta?

Ya dube ni, ya duƙa ƙarƙashin kanta,
ya ɗago akwati da bai kai burodi girma ba.
Babu fanka. Jikinta ƙarfe ne mai tsaga-tsaga,
zafi na fita ta nan a hankali, yadda yake barin kofin shayi.
Wat goma, in ji shi. Ƙwan fitilar matakala ya fi ta ci.
Faifai biyu a ciki, ɗaya na kwafar ɗaya,
don in guda ya mutu, sunayen mutanena kar su bi shi.
"Amma ba ta ɗaukar taron dubbai," ya ce.
"Ran da kika bunƙasa, ki dawo."
Na ce ran da na bunƙasa, ka ji labari.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya kunna ta. Na kara kunne.
Na ji kogin Rioni a waje,
na ji wata mata na ciniki a kan kabeji,
na ji cikina, don ban karya ba.
Ita kam, ko uffan.

Yanzu tana kan shiryayye tsakanin kwalabe,
da ɗigon haske kore kamar idon ƙadangare.
Ƙarfe uku na dare wani a Batumi ya sayi zuma kwalba biyu,
ba wanda ya farka.
Kyanwa ta gano ɗumin, ta mai da wurin gadonta.

Jiya Baba ya tsaya a gabanta, ya daɗe.
"Yaushe za ki tayar da ita?"
Na ce kwananta tara tana aiki.
Ya ɗora tafin hannu a kai, yadda yake taɓa inji a da,
ya jira, ya jira.
"Da rai," ya ce.
Sai ya tambaya ko akwai sauran shayi.