Mabuɗin da Ba Ya Buɗewa

Babana yankan mabuɗai yake a bakin Ƙofar Marusa,
shekara talatin, magagari da ɗan benci.
In an kawo masa kwaɗo ba ya saurin taɓawa,
sai ya leƙa bakinsa da ido guda
ya ce kowanne da abin da yake jira.

Ni nawa kwaɗon ba ya riƙuwa a hannu.
Aromatez sunansa.
A fuskar kwamfuta
kamar zaren da kyanwa ta kwana tana wasa da shi,
can tsakiya ƙwayar ƙarfe guda
ta zauna zaman mai shago.
Sinadari ya shigo, ta sauya masa kama,
ya fita isturojin,
tuwon da ƙullutun ƙirjin Goggo Tabawa
yake ci yana girma.

Aikina akasin na Baba ne.
Ina neman wanda zai shiga ya ƙi fita,
ya ciji ƙarfen da haƙorin naitirojin
ya tsaya a ƙofa, ba shiga ba fita.

Dubu biyu da ɗari uku na gwada tun Sha'aban.
Kwamfuta ba ta gajiya, ba ta kuma san Goggo ba.
Ta juya kowanne, ta kifa, ta karkata,
ta ba shi maki ƙasa da sifili.
A nan wanda ya fi nutsewa shi ne na ɗaya.
Nafi'u ya ce da haka ake a firamare
da shi ma ya yi suna.

Na ɗari huɗu da sha bakwai ya zauna daram.
Ban faɗa wa kowa ba.
Na zuba masa ruwa, ruwan lissafi,
na sa masa ɗumin jikin mutum,
na ce a girgiza.
Dare uku inji yana shan kuɗin cefanena
don in kalli abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Bayan asuba na ga ya saki ƙarfen.
A hankali ya zame,
kamar baƙon da ya gane ba nan ne gidan ba.

Da la'asar na tarar da Goggo tana tsince zogale,
ƙafa miƙe, don ƙwayar asibiti
ta riƙe cutar, ta riƙe gwiwa.
Kin samo? in ji ta.
Na ce da saura.
Ta turo mini faifai.

Baba ne na nuna wa hoton a waya.
Bai san furotin ba.
Ya daɗe yana kallo da idon nan guda.
Nan gefen ya yi kauri, in ji shi,
kada ki yar, rage kaɗan.

An kawo wuta ƙarfe goma sha ɗaya.
Na cire masa kabon guda,
na sake turawa.