Jikar Gadina

Mu goma sha tara muka cika bas ɗin,
tsofaffin malaman makaranta, 'yan fansho,
kowa da laimarsa, kowa da ciwon gwiwarsa.
Daga Kawo muka tashi da hantsi,
hadari na biye da mu kamar mai bin bashi.

Jagoranmu Shu'aibu, yaro ɗan ƙwalisa,
kati a wuya, 'yar lasifika a hannu.
Ya ƙirga mu a bakin ƙofa kamar awakin kasuwa,
ya ce kar a taɓa, kar a tsinka,
kar kowa ya ƙetare jar igiya.

Gidan na can Unguwar Rimi, inda titi ke yin shiru.
Jan bulo, rufin kwano ya sha tsatsa,
baranda ta kewaye shi kamar ɗamara,
matakala sha biyu, Malama Tabawa ta ƙirga su da nishi.
Ga falon rawa, in ji Shu'aibu,
ga murhun da suke hurawa don tuna gida,
ga ƙararrawar kiran boyi.
Madam Kande ta kaɗa ta da wasa. Ba wanda ya zo.
Aka yi dariya. Tawa ba ta wuce maƙogwaro ba.

Sai lambu.
Itatuwan maɗaci sun yi sahu har bakin kogi,
mangwaro ya tsufa, ya daina alkawari,
gora na kuka in iska ta taɓa ta,
tafkin siminti ba kifi sai kwaɗi
da ledar ruwa guda tana iyo.
Shu'aibu ya ɗaga lasifika:
"Duk abin da kuke gani Baturen ne ya dasa,
shi da matarsa mai son furanni."
Aka ce Allah sarki. Aka ɗaga wayoyi.

Ni kuwa na san hannun.
Na san kantar tafinsa, da farcen da fartanya ta cire,
hannun da ke ɓare mana gyaɗa a Tudun Wada
mai shi yana cewa: maɗaci na bakwai daga hagu,
sau uku yana mutuwa, sau uku ina sake shi.
Jatau Gadina. Sule goma sha biyar a wata.
Garwa biyu a kafaɗa, daga kogi zuwa tudu,
tun kafin assalatu, shekara ashirin da ɗaya.
Na duba allon tagulla har ƙasa. Babu shi.

Na bar su suna hoto da agogon rana,
na ɗaga jar igiya na sunkuya.
Gwiwa ta yi ƙara, amma ba ta tona ni ba.
Bayan kicin, bayan tankin ruwa,
ɗakuna uku a jere babu ƙyaure,
na tsakiyan akuyar maigadi ta gaje shi.
A gindin bango, inda ba a kawo baƙi,
ga lallen da ya dasa wa kakata,
ya yi buzu-buzu ba mai yi masa aski,
ba lamba, ba sunan boko,
yana ta fure abinsa.

Na tsinki cikin tafi. Na karya doka.

Daga nesa ina jin Shu'aibu,
sha bakwai, sha takwas, wa ya ɓata?
Yayyafi ya fara.
Na biyo ta layin maɗaci ina ƙirgawa daga hagu.
Na bakwai bai fi sauran tsawo ba,
har ya ɗan karkata, kamar mai ɗauke da garwa.
Na dafa shi yadda ake dafa kafaɗar tsoho.

A bas Tabawa ta ce, ina kika shiga?
Na ce gaisuwa na je.
Shu'aibu ya raba takarda,
wai kowa ya rubuta abin da ya fi burge shi.
Na rubuta suna ɗaya, na ninke, na miƙa.
Ya buɗe, ya juya ta, ya dube ni:
"Mama, wannan wane ne?"
Na ɗauke jakata daga kan kujera.
Zauna, ɗana. Kafin Kawo akwai cunkoso.