Kada Ka Riƙe Numfashi

A Islamorada ne, Talata da hantsi.
Suwaiba ta biya kuɗin, nawa dai bi.
"Baba, shekara sittin ruwa bai taɓa wuce gwiwarka ba."
Na ce haka ne, shi ya sa kike da uba.

Otal ɗin fari ƙal, kwakwa na rangaji,
masu hutu sun shanya kansu a rana kamar kilishi,
a shafa mai, a juya, a sake shafawa.
Da asuba na ga Wilner, mutumin Haiti,
yana kwashe ciyawar teku da manjagara
don kada baƙi su farka su tarar teku ya yi amai.
Muka gaisa da ka,
gaisuwar waɗanda suka riga rana tashi.

Yolanda ce malamar.
Ta goya mini tukunyar iska,
ta ɗaura mini dalma a ƙugu,
ƙafafun agwagwa, madubi a fuska.
Na ce, mai shiga ruwa ake ƙara wa nauyi?
Ta yi dariya, ta ɗaga yatsa guda:
doka ɗaya ce a can ƙasa,
kada ka riƙe numfashi.

Ban ba ta labarin Ɗantala ba.
Kududdufin bayan makarantarmu a Gumel,
inda ake haƙar ƙasar gini, damina ta cika shi fal.
Ya tuɓe riga ya miƙo, ya ce riƙe mini.
Na riƙe.
Har aka zo da gora da igiya ina riƙe,
har aka kira magariba.
Daga ranar Inna ta hana mu ko leƙa rijiya.

Jirgi ya tsaya inda ƙasa ta zama zare.
Na faɗa da baya kamar buhun gero.
Sanyi, kumfa, gishiri,
kunne na ƙara, na matse hanci na hura,
ya buɗe da ɗan kuka irin na tsohuwar ƙofa.
Muna bin igiya, taku, taku,
hasken sama yana yayyagewa a kanmu.

Ashe akwai gari a nan!
Murjani ya yi rassa, ya yi mafici, ya yi ƙwaƙwalwa.
Kifaye rawaya sun ɗauro ashobi, ɗari ko fi,
suka rabe suka ba ni hanya, ba wanda ya tambayi fasfo.
Wani shuɗi yana gurgurar dutse, ina jin haƙoransa.
Sai ga kunkuru, dattijo,
yana tuƙi da hannu biyu ba gaggawa.
Ya dube ni da gefen ido
kamar ya san gidanmu.

Daɗi ya kama ni, na ɗaga babban yatsa.
Yolanda ta zaburo: a nan ma'anarsa a hau sama.
Na girgiza kai, a'a, a'a, bar ni tukuna.
Suwaiba na dariya, kumfa na tona mata asiri.

Can na ji shi, numfashina,
yana shiga da ƙara, yana fita farare,
ƙwallaye suna hawa ɗaya bayan ɗaya.
Na kira sunan yayana a cikin robar bakina.
Ya fita kumfa, ya bi sauran,
na bi shi da ido har ya fashe a haske.

Da yamma an kunna fitilu a bakin tafkin wanka,
ana gasa jatan lande, wani na kashe waƙa da muguwar murya.
Na shanya baƙar rigar nutso a baranda,
tana ɗiga a kan katako.
Suwaiba ta ce, gobe sai hutu ko?
Na lashi gishirin da ya rage a gashin bakina,
na ce ta tambayo mini
ƙarfe nawa jirgin safe yake tashi.